Manja a cikin kayan shafa: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Maganar manja a man shafawa ta raba mutane gida biyu, wasu sun ɗauke shi maganin komai, wasu kuma da sun ji sunansa sai su ce guba ne. Duka ɓangarorin biyu akwai ƙarin gishiri. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane, na tattaro su wuri guda.

Wai da gaske akwai manja a sabulu da man shafawa? To ya ba ma ganin jan?

Akwai shi, kuma da yawa ma. Abin da ya sa ba kya ganin ja shi ne kamfanoni ba ɗanyen suke zubawa ba, sai an tace shi tukuna, an cire launin da wata irin ƙasa mai tsotse kala, sannan a busa masa tururi mai zafin gaske ya kwashe warin, sai ya koma fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, babu wari babu komai. Sau da yawa ma ba man ne gaba ɗaya ake sakawa ba, farfasa shi ake yi a ciro sinadaran da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya zama mai sa kumfa, wancan ya zama mai haɗa ruwa da mai kada kirim ya rabu, wani kuma mai sa santsi.

Kuma ba yau aka fara ba. Sabulun Sunlight da William Lever ya fito da shi a Ingila wajen 1884 da man kwakwar manja aka riƙa yin sa maimakon dogaro da kitsen dabba kaɗai, shi ma Palmolive da ya fito a Amurka a 1898 haɗin manja ne da man zaitun. Kenan fiye da shekara ɗari ana wanka da shi.

Manja da man alayyadi ba abu ɗaya ba ne?

Bishiya ɗaya ce, amma mai biyu ne daban, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Manja daga tsokar 'ya'yan ake matso shi, wannan jan ɓangaren na waje. Alayyadi kuma daga ƙwallon ciki yake fitowa bayan an fasa shi.

Abin da ke cikinsu ma ba ɗaya ba. Manja kusan kashi 44 cikin 100 nasa wani kitse ne da ake kira palmitic, sai oleic wajen kashi 39 zuwa 40, sai linoleic wajen kashi 10. Alayyadi kuwa kusan rabinsa lauric ne, dan haka ya fi kama da man kwakwa nesa ba kusa ba. A sabulu manja ne ke sa ƙarfi da daɗewa, sabulun bai saurin narkewa, alayyadi kuma shi ke kawo kumfa da ƙarfin wanke maiƙo. Shi ya sa masu yin sabulu kan haɗa su biyun. Idan wani ya ce miki "man kwakwar manja ya ɓata min fuska" ki tambaye shi wanne daga ciki, dan amsar na canza lissafi.

A taƙaice dai, yana da illa ga fata ko babu?

Ga mafi yawan mutane babu. Akwai wani kwamitin masana a Amurka mai suna Cosmetic Ingredient Review da aikinsa kenan duba sinadaran kayan kwalliya, a shekarar 2000 ya fitar da rahoto cewa manja da alayyadi ba su da haɗari a yadda ake amfani da su a kayan shafa. Ba ya cikin abubuwan da suka yi suna wajen tayar da alaji. Yawancin lokaci idan kirim mai manja ya sa ki ƙaiƙayi, mai laifin turaren da aka zuba ne ko sinadarin hana lalacewa, amma da yake manja ne sunan da kika gane a jikin kwalbar sai ki ɗora masa.

Sai dai "babu haɗari" daban, "ya dace da fatata" daban. Za mu zo kan wannan a maganar ƙuraje.

Na ji an ce yana kawo kansa, gaskiya ne?

Asalin maganar nan daga harkar abinci take. A 2016 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da bayani cewa idan aka tace man girki a zafin da ya kai digiri 200 ko ya wuce, wasu gurɓatattun sinadarai na samuwa a ciki, kuma a manjan da aka tace aka fi samun su da yawa. Damuwarsu a kan wanda ake ci ne, musamman yara ƙanana da ke ci kullum. Bayanin bai shafi shafawa ba. Daga baya aka sa iyaka ga adadin da aka yarda ya kasance a abinci, matatun mai ma suka gyara yadda suke aiki.

Haka ma maganar kolestarol, ta wanda ya shiga ciki ce. Man da kika shafa a ƙafa ba zai bi jini ya je ya toshe miki jijiyar zuciya ba, fata ba ta barin kitse ya wuce haka kawai, a saman yake zama.

To me yake yi wa fatar takamaimai?

Abu biyu ne manya. Yana cike 'yan tsage-tsagen saman fata ta yi laushi, sannan yana yin wani siririn rufi da ke rage ficewar ruwa daga jiki. Lura da kyau, mai ba ya ba fata ruwa, riƙe wanda ke akwai yake yi, shi ya sa idan kika shafa a busasshiyar fata ƙayau sai ki ga maiƙo a sama amma a ƙasa tana nan a bushe. A shafa bayan wanka da sauran danshi a jiki, a nan ake cin moriyarsa.

Jan manja wanda ba a tace ba yana da karotin mai yawa, shi ne ma ya ba shi launin, irin sinadarin da ke cikin karas, kuma yana da bitamin E, har da wani nau'insa da ake kira tocotrienol wanda ba kowane mai ke da shi da yawa ba. Waɗannan suna taimakawa wajen rage lahanin da iska da rana ke yi wa kitse. Amma a nan masu talla suke ruɗar mutane, tacewa na kashe kusan dukan karotin ɗin, dan haka farin kirim da aka rubuta masa "mai ɗauke da albarkar jan manja" alhali tataccen ne a ciki, to labari ne kawai. A sabulu kuwa ko da jan aka saka, minti nawa yake yi a jikinki kafin ki ɗauraye?

Ina da ƙurajen fuska, in shafa ko kar in shafa?

Ni dai shawarata kar ki shafa zallarsa a fuska. Manja mai ne mai nauyi, sai zafi ya kai wajen digiri 35 yake narkewa gaba ɗaya, kusan zafin jikin mutum kenan, idan fuskarki dama mai maiƙo ce kuma ƙofofin gashinta na saurin toshewa to ƙarin kaya kika ɗora mata. Alayyadi ma haka, kamar dai yadda man kwakwa ke yi wa wasu.

Amma bari in yi adalci. Jerin nan da ke yawo a intanet mai ba kowane mai maki daga 0 zuwa 5 wai gwargwadon yadda yake toshe fata, tushensa gwaje-gwaje ne da aka yi a cikin kunnen zomo tun shekarun 1970 da 1980, kuma kunnen zomo ya fi fatar mutum saurin toshewa, sannan sau da yawa zallar sinadarin ake shafa masa ba wanda aka sirka ba. Kenan jerin na nuna inda za a yi hattara ne, ba hukunci ba ne. Kirim da ke da ɗan kaɗan na wani abu da aka ciro daga manja can ƙasan jerin kayan haɗi ba ɗaya yake da ki lakato manja ki mulke fuska ba. Glycerin misali, ko da daga manja aka samo shi, ba ya toshe komai, yana cikin abubuwan da suka fi dacewa da kusan kowace irin fata. Waɗanda suka fi yin ƙaurin suna wajen masu ƙuraje su ne isopropyl palmitate da isopropyl myristate, idan kika gan su a sahun farko na jerin man fuska kuma ke mai ƙuraje ce, ki nemi wani.

Jiki kuma daban ne. Ƙafa, gwiwa, gwiwar hannu, dunduniya mai kaushi, duk waɗannan ba su da matsala da mai mai nauyi, shi ma suke so. Baya da ƙirji ne kawai za a kula, dan su ma suna fitar da ƙuraje.

Mai amosanin kai ko kyasbi fa?

Nan kam a yi taka-tsantsan. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, ita ba ta iya ƙera kitsen kanta sai dai ta ci wanda ta samu a fata, kuma idan ta yi yawa ita ke da hannu a amosani da wannan tabo-tabon da ke fitowa a ƙirji da baya da wuya. Irin kitsen da ke cikin manja da man zaitun da makamantansu abincinta ne. Mutum ya ga kansa na zubar da fari-fari sai ya ɗauka bushewa ce ya ƙara lafta mai, abin ya lafa kwana biyu saboda ɓawon ya kwanta, sannan ya dawo fiye da da. Wannan maganin kashe ƙwayar yake so, irin shamfu mai ketoconazole, ba ƙarin mai ba.

Yana sa haske?

A'a. Babu abin da ke cikinsa da ke rage baƙin fata. Fata mai laushi da danshi tana sheƙi, sai a ɗauka haske ne. Jan kuma yakan bar wani ɗan launi a sama wanda wanka ɗaya ke tafiya da shi.

Idan kika sayi wani haɗi da aka ce "manja ne zalla da ganyayyaki" kuma cikin sati biyu kika ga kin yi fari, to wallahi ba manja ne ya yi aikin ba, an zuba wani abu da ba a faɗa miki ba, ko hydroquinone, ko sitiroyid irin clobetasol, ko ma zaiba wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi. Wannan shi ne haɗari na gaske a harkar, ba man ba. Duk haɗin da babu jerin abin da ke ciki, babu sunan wanda ya yi, babu ranar lalacewa, ki bar shi a inda kika gan shi.

Zai iya maye gurbin man kare rana?

Ba zai iya ba. Kariyar da man itatuwa ke bayarwa daga rana kaɗan ce ƙwarai, ba ta kusa da SPF 30 (lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin man kare rana) da likitocin fata ke cewa a nema ba.

Idan ina so in shafa ɗanyen jan kai tsaye fa?

Za ki iya, a jiki, ɗan kaɗan, da dare ya fi. Ki san dai zai ɓata miki kaya da zanin gado, tabon karotin na da naci. Wasu kan sirka ɗigo kaɗan a cikin man da suka saba shafawa a tafin hannu lokacin da za su shafa, wannan ya fi a juye shi cikin kwalbar gaba ɗaya, dan ƙara abu cikin kirim na iya raunana sinadarin da ke hana shi rubewa.

Abu na biyu shi ne ingancin man. An sha kama manja da aka ƙara wa wani rini mai suna Sudan IV dan ya yi ja sosai, rini ne na masana'antu da ake sa wa irin su man goge takalmi da kaki, an hana sa shi a abinci a ƙasashe da dama, kuma hukumomin Turai sun sha janye irin wannan man daga kasuwa. Jan da ya yi yawa har ya wuce misali ba shaidar kyau ba ne. Sannan man da ya daɗe a buɗe ko a rana yana lalacewa, warinsa ya canza ya yi maƙaƙi, irin wannan yana iya sa fata ƙaiƙayi. Wanda aka riga aka soya abu da shi kuwa ba ma a maganarsa.

Jarirai fa?

Fatar jariri ba ta gama ƙwari ba, ta fi ta babba siranta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila aka buga a 2013 ya gwada man zaitun da man sunflower a hannun manya na tsawon sati huɗu, sai aka ga man zaitun ya raunana katangar fatar, shi kuwa ɗayan bai yi ba, kuma ana danganta hakan da yawan oleic da ke cikin zaitun. Manja bai kai zaitun yawan oleic ba amma yana da shi ba kaɗan ba. Dan haka ga sabon haihuwa, ko yaron da ke da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi da ja, gara a tambayi likita a yi amfani da man da aka yi dan wannan, marar turare. Sabulu ko kirim na yara da aka sarrafa da sinadaran manja a ciki wannan ba matsala ba ne.

Mai ciki za ta iya amfani da shi?

Eh, manja da alayyadi a fata ba su da matsala ga mai ciki ko mai shayarwa. Abu ɗaya dai, idan kika ga retinyl palmitate a jiki, wannan bitamin A ne dangin retinol da aka haɗa da kitsen palmitic, kuma likitoci na ba masu ciki shawarar su kauce wa dangin retinol har su haihu. Karotin ɗin da ke cikin jan manja ba retinol ba ne, ba ya aiki irin nasa wajen goge tamoji, ba shi kuma da irin matsalarsa.

Maganar nankarwa kuma, yana rage ƙaiƙayin ciki idan fata na miƙewa, amma kar a sa rai zai hana ta fitowa.

A shafa wa ƙuna ko ciwo?

Kar a kuskura. Mai na riƙe zafin a ciki, kuma yana iya kai datti cikin raunin, ga shi idan an je asibiti sai an sha wahalar goge shi kafin a ga girman ƙunar. A sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke zuba na minti 20, ba ƙanƙara ba, a rufe da abu mai tsabta, idan babba ce ko a fuska ko a jikin yaro a tafi asibiti.

Me ya sa sabulun manja ke busar min da jiki?

Ba laifin manja ba ne shi kaɗai, halin sabulu ne. Duk sabulun da aka yi da mai da soda mai ƙuna (caustic soda), ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami da kanwa, na kaiwa 9 zuwa 10, fatar mutum kuma tana wajen 5, dan haka bayan wanka sai ki ji ta ɗaure. Idan alayyadi ya yi yawa a haɗin abin ya fi tsanani, dan lauric na kwashe maiƙo sosai har da wanda fata ke buƙata. Ki rage dirzawa, ki daina ruwa mai zafi sosai, ki shafa mai da zarar kin fito.

Masu haɗa sabulu a gida kuma, adadin sodar da manja ke ci ba ɗaya yake da na alayyadi ba, alayyadi ya fi ci, dan haka ba a musanya ɗaya da ɗaya a bar sodar yadda take, sai an sake lissafi da sikeli. Idan manjan ya yi barci a narkar da shi gaba ɗaya a juya kafin a auna, dan mai kaurin na kwanciya a ƙasa. A sa safar hannu da tabarau, soda ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin soda ba, kuma a bar sabulun ya sha iska sati 4 zuwa 6 kafin a fara wanka da shi.

Ya zan gane shi a jikin kwalba?

Elaeis Guineensis Oil shi ne manja, idan da Kernel a tsakiya alayyadi ne. A sabulu za ki ga Sodium Palmate da Sodium Palm Kernelate. Sauran kuma irin su glyceryl stearate, stearic acid, cetyl alcohol, cetearyl alcohol, sodium laureth sulfate da glycerin, sau da yawa daga manja ake yin su amma ba dole ba, ana iya samun wasunsu daga kwakwa ko kitsen dabba ko ma man fetur, kuma lebul ba ya faɗa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, dan haka biyar ɗin farko su ne kusan dukan abin da ke cikin kwalbar.

Cetyl da cetearyl ɗin nan kada kalmar alcohol da ke sunansu ta tsorata kowa, wani abu ne kamar kakin kyandir, ba ya sa maye kuma ba ya busar da fata. Masu gudun kitsen dabba kuma, Sodium Tallowate shi ne sabulun kitse, ga glycerin da stearic acid sai dai a nemi tambarin da ke nuna na tsiro ne ko a tambayi kamfanin.

To me ya sa wasu kamfanoni ke alfahari da cewa babu manja a kayansu?

Wannan maganar daji ce ba ta fata ba. Bishiyar asalinta daga Afirka ta Yamma take, amma yau Indonesiya da Malesiya ne ke samar da wajen kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, kuma an sare dazuzzuka masu yawa a tsibiran Borneo da Sumatra dan a yi gonakinsa, abin da ya jefa birin nan orangutan cikin haɗarin ƙarewa, ga gobarar daji da hayaƙi irin na 2015 da ya turnuƙe yankin, ga rigimar filaye da ta haƙƙin ma'aikata. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai ƙaurace masa ba lallai ya gyara ba, dan babu amfanin gonar da ke ba da mai a hekta ɗaya kamarsa, yana ninka waken suya da sunflower sau da dama, idan aka koma kansu fili mafi girma za a buƙata. Shi ya sa aka kafa wata ƙungiya mai suna RSPO a 2004 dan ba da shaidar man da aka noma bisa ƙa'ida, kodayake ana sukarta da sassauci, kuma a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kayan da aka sare daji dan noma su, manja na ciki. Wanda abin ya dama ya duba tambarin. Amma "babu manja" a jikin kirim ba ya nufin ya fi wa fatarki kyau.

Ya zan gwada ko zai karɓe ni?

Ki shafa ɗan kaɗan a cikin dantse ko lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, a wuri ɗaya. Idan babu ja, babu ƙaiƙayi, babu kumburi, ki ci gaba. Na fuska ki fara da gefen muƙamuƙi, kuma ki ba shi 'yan makonni dan toshewa ba ta nunawa rana ɗaya. Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi ɓarnar ba. Idan fuska ko leɓe suka kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye.

Wata nawa yake yi kafin ya lalace?

Na kamfani ki duba hoton 'yar kwalba mai buɗaɗɗen murfi a jiki, idan an rubuta 12M to wata 12 kenan daga ranar da kika buɗe. Zallar man kuma a rufe shi ruf, nesa da rana da zafi, kada ruwa ko jiƙaƙƙen yatsa ya shiga. Daskarewa lokacin sanyi ba lalacewa ba ce, ki sa kwalbar cikin ruwan ɗumi ya narke. Idan wari ya canza ko jan ya koɗe ya yi fari-fari da kansa, a zubar.